Farin Wata A Daren Jajiberi

Kwanakin baya wani tsohon ɗalibinmu, wanda yanzu shi ma ya shiga sahun marubuta, ya kawo mana littafin da ya rubuta domin mu duba masa kafin ya kai maɗaba'a. Labarin soyayya ne, kuma ba laifi, yaron yana da hannu. Muna cikin karatu muna jin daɗi sai muka iso babi na huɗu, inda saurayi ya je zance a daren jajiberin ƙaramar salla, ya kai wa budurwarsa kayan salla. Marubucin ya ce suna zaune bisa tabarma a ƙofar gida, ƙarfe goma na dare ta gota, farin wata ya cika ya yi da'ira, ya haske gari fes kamar rana, har saurayin yana ganin zanen lallen da ke hannunta. A nan muka ajiye biro muka yi tagumi.

Mai karatu, in har kai ma ba ka ga abin tagumi a nan ba, to da kai muke wannan magana. Daren jajiberin ƙaramar salla shi ne daren da jama'a ke fita bayan gari su ƙura wa yamma ido, ana neman jinjirin watan Shawwal. In an yi sa'a an gan shi, siriri ne kamar yankan farce, kuma da ƙyar yake kai isha'i a sama, sai ya bi rana ya faɗi. Ƙarfe goma na wannan dare kuwa, in babu fitila, ko tafin hannunka ba ka gani, balle lallen hannun wata. Da muka nuna wa yaron sai ya yi 'yar dariya ya ce, "Haba Malam, ai ƙagaggen labari ne, wa zai lura?" Muka ce ladan zai lura, mai gadi zai lura, duk tsohuwar da jikarta za ta karanta mata littafin ita ma za ta lura, kuma daga wannan shafi ba za ta ƙara yarda da kai ba ko da ka ce mata ruwa na jiƙa mutum.

To amma kada a ɗauka mun zo nan ne mu yi wa yaro dariya. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Namu laifin game da wata ya fi nasa girma nesa ba kusa ba, domin shi a takarda ya yi nasa, kuma an gyara kafin a buga. Mu kuwa a kan 'ya'yan mutane muka yi namu.

A shekarar 2004 muka fara koyarwa a wata makarantar sakandare ta jeka-ka-dawo a wannan yanki namu na kudancin Katsina, da 'yar difilomarmu sabuwa fil, muna jin babu ya mu. Aka ba mu labarin ƙasa da 'yar kimiyya ta ƙananan azuzuwa. Da aka zo darasin wata, sai muka ɗauko tsohon littafinmu na makaranta, muka kwafa wa yara abin da mu ma aka kwafa mana, wato wai inuwar duniya ce take rufe wata, ita ce take cin sa kaɗan-kaɗan har ya ƙare, sa'an nan ta sake shi ya dawo. Muka zana a allo da alli, muka yi wa inuwar ado sosai. Aji uku muka koya wa haka a shekarar farko, muka yi jarrabawa a kai, muka ba waɗanda suka haddace maki.

A shekara ta biyu, dab da hutun zangon farko, wata yarinya 'yar aji biyu da ke zama can baya kusa da taga ta ɗaga hannu. Ba mai yawan magana ba ce, daga wani ƙauye take takowa kullum. Ta ce, "Malam, yau da muke tahowa da safe na ga wata a sama, ya ɗan karkata yamma, rabinsa babu. Rana kuma ga ta a gabas ta fito. Ni na san in mutum ya fuskanci rana inuwarsa baya take faɗawa, a ƙasa. To yaya aka yi inuwar duniya ta hau can sama ta same shi?"

Ajin ya yi tsit. Mu ma muka yi tsit, domin ba mu da amsa, kuma a cikin ranmu mun ji maganar ta zauna daram. Amma girman kai na sabon malami bai bari ba. Muka ce, "Ke, zauna. Wannan ba ya cikin manhaja." Yara suka kwashe da dariya, ta zauna ta sunkuyar da kai. Har yau in mun tuna sai mu ji kunya ta rufe mu.

Da aka yi hutu muka tafi ƙauyenmu, can tsakanin Bakori da Malumfashi. Kaka ce, an gama girbin dawa ana ta sussuka, ana tsinkar sauran auduga, ɗari ya fara busawa. Akwai wan mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, manomi ne kuma malamin zaure, bai taɓa shiga aji ba. Da dare muna jin ɗumi a gindin wuta sai muka kawo masa zancen a kaikaice, kamar mu ne za mu ilmantar da shi. Ya saurara har muka gama bayanin inuwa, sa'an nan ya ce, "To ɗan boko, ni ban san inuwarku ba. Amma gobe in ka tashi asuba ka duba bakin watan da ke da haske, ka zo ka gaya mini ina ya fuskanta." Lokacin wata ya wuce sha biyar ya fara raguwa. Muka duba, muka ce, "Baffa, gabas ya fuskanta." Ya ce, "Wa ke zuwa daga gabas?" Muka ce rana. Ya ce, "Bari sabo ya tsaya ka sake dubawa." Ana gobe za mu koma bakin aiki sabon ya tsaya, muka duba, ga bakin hasken ya juya yamma, daidai inda rana ta faɗi. Baffa ya ce, "Wata almajiri ne. Kullum kwanonsa yana wajen mai zuba masa."

A waɗannan makonni uku ne muka fara kallon wata da idon basira, mu da muka tashi a ƙarƙashinsa. Bari mu faɗi abin da muka gani, domin duk wanda ya riƙe shi ba zai ƙara sa farin wata a daren jajiberi ba.

Ranar da wata ya tsaya, a yamma ake ganinsa bayan faɗuwar rana, ƙasa-ƙasa, a kwance kamar 'yar ƙwarya. Washegari in ka duba a daidai wannan lokaci za ka ga ya ɗan hau sama, ya ɗan yi kauri, kuma ya ƙara daɗewa kafin ya faɗi. Kowane dare yana ƙara jinkirin kusan minti 50. In yana da kwana biyu ko uku, kuma sama ta yi wasai, ka ƙura masa ido da kyau: za ka ga sauran jikinsa duka, dishi-dishi kamar toka, a rungume cikin ƙahon. Ashe dai babu abin da ya cinye shi, yana nan cikakke. Wannan ɗan haske mai kama da toka daga duniyarmu yake, rana ta haska ƙasa da teku da gajimare, su kuma suka mayar masa. Da kwana bakwai ya zama rabi, magariba tana yi yana tsakiyar sama, ya faɗi wajen tsakar dare. Daga nan sai ya yi ta yin ciki, har daren sha huɗu, inda rana tana faɗuwa a yamma shi kuma yana ɓullowa a gabas, jajir da farko kamar sabon faranti, ya kwana yana tafiya, bai faɗi ba sai gari ya waye. Waɗannan su ne fararen kwanaki, 13 da 14 da 15, da masu ibada ke azumta.

Bayan haka sai ya fara makara. Daren sha bakwai ko sha takwas sai an yi isha'i an ci tuwo kafin ya leƙo, kuma gefensa na yamma ya fara zaizayewa. Da kwana ashirin da ɗaya ko da biyu sai tsakar dare yake fitowa, rabi, hantsi ya same shi a sama, wanda shi ne watan da yarinyar nan ta gani a hanyar makaranta. Duk mai fita sallar tahajjud a goman ƙarshe na azumi ya san wannan wata, domin shi ke raka mutane masallaci, kullum yana ƙara makara yana ƙara ramewa. Daga kwana ashirin da bakwai sai masu sallar asuba kaɗai ke ganinsa, siriri a gabas, gaban rana kaɗan. Sai ya ɓace, dare ɗaya ko biyu, wani lokaci har uku, ba gabas ba yamma. Baffa yana da wata ƙa'ida a nan wadda ba mu taɓa ganin ta faɗi ba: watan da aka gani da asuba a gabas ba zai tsaya da magaribar wannan rana ba.

Da muka koma makaranta sai muka nemo littattafan da ya kamata mu nema tun farko. Dare ɗaya muka rufe ɗaki, muka ɗora tocila a kan tebur, muka soke lemo da tsinke muka riƙe a gabanmu, muna juyawa a hankali kamar mai tsinuwa. Tocila ce rana, kanmu duniya, lemo wata. Ko yaushe rabin lemon yana da haske, rabin da ke kallon tocila. Abin da ke sauyawa shi ne nawa muke hangowa daga wannan rabi. In lemo yana tsakaninmu da tocila bayansa mai duhu muke gani, wata ya ɓace ke nan. In mun juya mun ba tocila baya, muka ɗaga lemon sama da kanmu kaɗan, sai ga shi ya cika. Iyakar abin ke nan, babu ruwan inuwar duniya. Maganar Baffa ce dai aka sa wa lamba: wata yana nesa da mu da kimanin kilomita 384,000, ba shi da hasken kansa, kuma daga ɓacewa zuwa wata ɓacewa kwana 29 ne da awa 12 da minti 44. Wannan rabin yini da ke kan 29 ɗin shi ya sa wani wata ke yin 29 wani 30.

Inuwar duniya tana da nata lokacin, amma ba kowane wata ba. Ita ce husufi, abin da muke ce wa wata ya yi zazzaɓi, ko rana ta kama wata. Muna yara in ya faru mukan kwashi gwangwani da tsofaffin kwanoni mu bi gari muna bugawa, wai muna ba rana haƙuri ta sake shi, manya kuma su nufi masallaci a yi sallar husufi. Wannan ba ya faruwa sai wata ya cika, lokacin da duniya ta shiga tsakaninsa da rana sak. Abin da ya hana shi faruwa duk wata shi ne hanyar wata ta karkace daga ta rana da kimanin digiri 5, don haka yawanci yakan bi ta saman inuwar ko ta ƙarƙashinta ya wuce. Wanda ya ga na daren Juma'a 27 ga Yuli 2018, da wata ya yi ja kamar garwashi har na awa ɗaya da minti 43, ya san husufi daban yake da raguwar wata, ko a launi.

Ranar da muka shiga aji biyu ɗauke da lemo da tocila, niyyarmu mu kira yarinyar nan gaban aji mu ce ita ce da gaskiya, Malam ne ya yi kuskure. Muka duba kusa da taga, wurin babu kowa. Ƙawayenta suka ce an yi mata aure bayan kaka, an kai ta wani gari wajen Ɗandume. Mun yi gyaran a gaban sauran, mun ce su tsaga shafin inuwa, amma ita ba ta ji ba. Waɗanda muka koya wa a shekarar farko kuwa sun wuce gaba da kuskurenmu a kansu, kuma wa ya sani, ƙila wani cikinsu yanzu malami ne yana zana wa wasu yaran inuwa a allo.

Wata biyu da 'yan kwanaki bayan haka Allah Ya kawo darasin da ya fi lemo. Ran Laraba 29 ga Maris 2006, a ƙarshen watan Safar, wajen ƙarfe goma da rabi na hantsi, wata ya shiga tsakanin duniya da rana. Gusau da birnin Katsina sun shiga duhu sosai na 'yan mintoci. Mu a nan kudu hasken ya dushe ya koma kamar almuru, iska ta yi sanyi, kaji suka rikice. Mun hana yara kallon rana kai tsaye, muka tara su a gindin itatuwan darbejiya na bakin aji, inda ɗigon hasken da ke ratsowa ta cikin ganye duk suka koma 'yan ƙananan jinjirin wata a ƙasa, ɗaruruwa. Muka ce musu ga amsar tambayar da kowa ke yi, ina wata yake zuwa in ya ɓace? Ga shi nan, da rana tsaka, a gaban rana, ya juya mana baya. Ba a taɓa yin husufin rana ba sai a ƙarshen wata, kamar yadda ba a yin na wata sai a tsakiyarsa. Marubucin da ya sa rana ta yi husufi ranar babbar salla, wato goma ga wata, shi ma sai mun ajiye masa biro.

Akwai wani abu da manomin Funtuwa da Malumfashi ya sani a jikinsa ko bai iya faɗinsa da lissafi ba. Wata goma sha biyu kwana 354 ne, sun gaza shekarar rana da kimanin kwana 11. Don haka watannin Musulunci yawo suke yi cikin shekara, suna ja da baya. Azumin da muka fara gwada kaiwa, muna 'yan shekara goma, ya kama ne a ƙarshen Maris 1990, tsakiyar bazara, muna jiƙa riga mu kwanta a zaure muna ƙirga inuwa. A shekarar 2000 azumi ya faɗo cikin ɗari, rumbu cike, kowa na cewa wannan azumin yara ne. A 2011 ya zo a Agusta, ana marka, masara ta yi goyo. A 2018 ya haɗu da shuka da noman fari, mutane na duƙe a gona da ƙishirwa. Sai ga shi a 2023 ya dawo ƙarshen Maris, inda muka fara saninsa, bayan shekara 33, mu kuma furfura ta fara leƙowa. Mutum in ya yi tsawon rai sau biyu zai ga wannan zagaye, in ya yi sa'a ƙwarai ya taɓa na uku.

Shi ya sa ba a shuka da watan Hijira. Watan bakwai da ake ce wa maƙarar rani, ko ba ruwa da alama, ba Rajab ba ne, ba kuma Yuli ba ne, lissafin manoma ne na kansu. Malaman zaure irin su Baffa da taurari suke aiki, guda 28, kowane yana da kwana 13 in ban da ɗaya mai 14, su ba da 365 cif. Bakwai daga ciki na damina ne, ana farawa da Haƙa'a, a bi ta su Zira'a da Nasara da Ɗarfa da Jabha. Abin da ya ba mu sha'awa da muka bincika shi ne waɗannan taurari asalinsu masaukan wata ne. Hanyar da rana ke bi a shekara guda, ita wata ke ratsawa cikin kwana 27 da 'yan awoyi, kusan kowane dare a sabon masauki, kamar fatake. Ke nan hanya ɗaya ce, matafiya biyu: ɗaya na ba mu azumi da salla da idda da ranar suna, ɗaya na ba mu shuka da girbi. Mu ma'aikatan gwamnati kuma muna da wata na uku wanda babu shi a sama ko kaɗan, shi ne wanda in ya kai ashirin muke cewa wata ya yi nisa, mu fara kauce wa layin mai shago. Wannan ba ya tsayuwa sai an ji ƙarar saƙo a waya.

Kai, har mutum ya taka watan ma ba mu bar mamakinsa ba. A Yulin 1969 Neil Armstrong na Amurka ya sa ƙafa a kansa, kuma marigayi Alhaji Mamman Shata, wanda Funtuwa ta zame masa gida, ya yi wa kumbon Apollo 11 waƙa. Baffa dai har ya koma ga Allah bai gaskata ba, kuma ba mu matsa masa ba. Mutumin da ya warware mana abin da difiloma ta kasa, ai sai a bar masa wannan.

Maganar ganin wata kuwa, mu ba malaman addini ba ne, kuma ba za mu shiga hurumin da ba namu ba. Tsarin da muka tashi muka tarar shi ne wanda ya gani ya gaya wa mai unguwa, a kai ga dagaci, a kai ga hakimi, Sarkin Maska a Funtuwa ko Galadiman Katsina a Malumfashi, daga nan fadar Sarkin Katsina, sai Sakkwato. Muna yara mukan kewaye rediyo a zaure ana jiran gidan rediyon Kaduna ya kawo sanarwar Sarkin Musulmi. Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar, wanda ya hau a 2006, yana da kwamitin ganin wata na ƙasa da ya haɗa malamai da masana lissafin taurari, kuma a ganinmu wannan haɗi ya yi kyau. Domin kuwa ido yana ruɗuwa, musamman idon mai ɗokin salla. Zara matar wata ta sha ruɗar mutane, haka ɗan siririn gajimare da rana ta haska bayan ta faɗi. Watan da bai wuce rana ba tukuna babu abin da za a gani, wanda kuma bai kai kamar awa 15 da wuce ta ba ido ba ya kama shi. Mun ga shekarar da aka yi salla biyu a gida ɗaya cikin danginmu, wa yana azumi ƙane yana cin tuwon salla, matansu suka yi wata guda ba sa ga maciji. Da su biyun sun tashi da asuba kwana biyu kafin nan sun duba gabas, da rabin gardamar ta mutu tun ba a fara ba.

'Yan uwa marubuta, abin da muke roƙo ba mai wuya ba ne. Al'adunmu da yawa a kan hasken wata aka gina su, kuma wanda ya san haka labarinsa zai yi ƙanshin gaskiya. Don me tashe ke farawa goma ga azumi? A namu ganin, ba don an gaji da yunwa kaɗai ba ne, daga wannan dare ne yara ke iya bin lungu-lungu ba tare da fitila ba. Daren Mauludi, sha biyu ga wata, fari ne tas. Dandali da gaɗa da langa da dambe bayan kaka duk suna cika ne a tsakiyar wata, in ya fara makara kuma sai a koma ɗaki a yi tatsuniya. Ɓarawon labarinka in mai hankali ne ba zai haura katanga daren sha huɗu ba. Shawarar da muka ba tsohon ɗalibinmu ita ce ya mayar da zancen nasa jajiberin babbar salla, lokacin wata ya kusa kwana goma, ya zarce rabi, kuma ƙarfe goma na dare yana nan a sama ya karkata yamma, lalle zai ganu. Ya ce to ai sai ya sake babi uku, domin a labarin azumi aka gama. Muka ce ko dai ka sake babi uku, ko ka ba saurayin tocila. Ya tafi yana gunaguni, ba mu san wanda zai zaɓa ba.

Tun daga 2006 muka ɗora wa kanmu wata al'ada, kamar kaffara. Duk shekara mukan ba 'yan aji biyu jinga ta wata guda: kowa ya ja layi a littafinsa gida talatin, kowane dare ya zana siffar wata, ya rubuta lokacin da ya gan shi da kuma wajen da yake. A da jinga ce mai daɗi. Yara kan fita bayan gari da magariba a ƙungiya, su dawo suna musu. Gidajen farko kan cika, na tsakiya ma haka, na ƙarshe kuwa daga kwana ashirin yawanci fayau suke zuwa, domin wane yaro ne zai tashi ƙarfe biyu na dare don Malam? Ba mu taɓa rage wa kowa maki a kan wannan ba.

To amma ƙasar ta sauya. Abin da ya faro daga dazukan Faskari da Sabuwa da Ɗandume ya yi ta matsowa. Daren Juma'a 11 ga Disamba 2020 'yan bindiga suka shiga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara suka kora yara sama da 300 cikin daji a ƙafa. Mun duba kalanda daga baya, wata yana da kwana ashirin da shida, wato yaran nan sun yi tafiyar daren nan cikin baƙin duhu, bai fito musu ba sai dab da asuba. Da asubahin 19 ga Agusta 2025 aka buɗe wa masallata wuta a Unguwar Mantau ta ƙasar Malumfashi, shi ma ƙarshen wata ne, siririn wata na rataye a gabas. Mutanen ƙauye sun koma kallon wata fiye da kowane lokaci, amma ba don dandali ba. Wasu na cewa a farin wata suke zuwa don baburansu su ga hanya ba fitila, wasu na cewa a duhu suke zuwa don kada a hango su. Mun ji gardamar a bakin kasuwa da cikin mota, kuma mun lura kowane ɓangare yana da daren da zai kafa hujja da shi. Iyaye suka fara aiko mana cewa a daina tura yara bayan gari da magariba. Muka ce kowa ya duba daga tsakar gidansu, abin da katanga ta tare a bar shi.

A wata shekara cikin waɗannan, da aka tara littattafan jinga, muka tarar da guda ɗaya da ba mu taɓa ganin irinsa ba. Na wani yaro ne ɗan ƙauye, siriri, mai yawan gyangyaɗi a aji, har mun sha yi masa faɗa a kan haka. Gidajensa talatin duk a cike suke in ban da biyu na ɓacewar wata, su ma ya rubuta "babu" a ciki. Ga daren ashirin da biyu, rabi, ƙarfe 12 da minti 40, gabas. Ga na ashirin da huɗu, ƙarfe 2 da 'yan mintoci. Ga na ashirin da shida, ƙarfe 4 saura, ya zana ƙahon yana kallon sama, bakin hasken a ƙasa wajen da rana za ta fito, daidai yadda Baffa ya ce. Har jinkirin minti hamsin-hamsin ɗin ya fito a lissafinsa ba tare da an gaya masa ba. Muka ba shi maki duka, muka kira shi ofis muna murna, muna tunanin yau ga wanda za mu yi wa abin da muka kasa yi wa yarinyar nan. Muka ce, "Kai, wa ke tashinka da tsakar dare haka? Kuma ina ka sami agogo?"

Ya ce agogon wayar yayansa ne. Sai ya yi shiru yana murza gefen rigarsa, sa'an nan ya ce, "Malam, ai ba a gida muke kwana ba. In an yi isha'i Baba yakan kwashe mu da su Inna mu shiga cikin dawa, can bayan rafi, sai an yi kiran assalatu mu dawo. Ni ba na iya barci a can, shi ne nake duba shi."

Muka miƙa masa littafinsa, muka ce ya koma aji. An riga an buga ƙararrawar darasi na uku.